Na Share Sunan Abba da Hannuna

Na ga saƙonninku duka. Wadda ta rubuto min cewa "ki auri Likita ki huta, wannan wace irin wahala ce", na gode, da bakin Gwaggona kika yi magana, har inda take ajiye numfashi. Wanda kuma ya tambaya ko mutuwa na yi da aka ji ni shiru sati biyu, ban mutu ba. Gajiya ce. Irin wadda za ki kwanta ki tashi ki same ta zaune a bakin gado tana jiranki.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da shida. Na karanta ilimin kwamfuta, na fito da sakamakon da ba na jin kunyar nuna wa kowa, kuma shekara biyu ke nan takardar tana kwance a durowa ƙarƙashin zannuwan gado. Wata bakwai da suka wuce na ɗauki wani aiki da babu albashi, babu ofis, babu ma wanda ya roƙe ni. A kansa Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta raɗa min suna Mai Shara. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba ta yi ƙarya ba.

Akwai wata manhaja da makarantu ke tsara jadawalin darasi da ita, wane malami zai shiga wane aji a wane lokaci. Kyauta ce, ba ta da mai ita, duk wanda ya iya yana iya sa hannu ya gyara. Shekararta ashirin da biyu, kuma mutum sama da ɗari biyu daga ƙasashe daban-daban suka rubuta ta, kowa da irin hannunsa. Ku ɗauka gida ne da 'yan haya suka yi ta shiga da fita, kowa ya kafa ƙusarsa inda ya ga dama. Wannan yana barin tazara biyu a farkon layi, wancan huɗu, wani takwas. Wani layinsa gajere kamar gaisuwar maƙiyi, wani kuwa sai kin ja allo kin ja kafin ki ga ƙarshensa. Manhajar tana aiki lafiya lau, amma duk sabon da ya leƙa cikinta sai ya ja da baya. Kowa ya yarda tana bukatar shara, ba wanda yake son ɗaukar tsintsiya.

Ni na ɗauka.

Mai kula da aikin wani dattijo ne da muke kira Mai Gadi, don babu gyaran da ke shiga sai ya duba ya buɗe ƙofa. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, hoton da ke kan sunansa na wata tsohuwar butar shayi ne. Ranar farko ya kafa min doka ɗaya: "Mai shara ba ya matsar da gado. Ki daidaita rubutu, kada ki canza abin da rubutun ke yi, ko da kin ga kuskure ƙuru-ƙuru. Kuskure a kawo shi daban." Gyarana na farko sau goma sha ɗaya ya dawo min da shi. Na ƙarshen saboda tazara ɗaya tak da na bari a ƙarshen layi, wadda ido ba ya ma gani. Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye muku ba. Sannan na wanke fuska, na cire ta, na sake aikawa. Ni ba a kora ta in koru.

Yanzu ga inda maganar take. A irin wannan aiki akwai rajista. Kowane layi, in kika tambaya, kwamfuta za ta nuna miki a gefensa sunan wanda ya taɓa shi a ƙarshe da ranar da ya taɓa. Ba ruwanta da bambancin wanda ya zauna ya ƙirƙiro layin da wanda ya zo ya matsar da shi tazara biyu. Wanda ya taɓa a ƙarshe, shi ne mai shi. To ni wata bakwai ina taɓawa. Fayil bayan fayil sunana ya yi ta hawa, har ya zama duk layi goma, tara nawa ne. Nakan buɗe in kalla in ji kaina ya yi girma.

Sati uku da suka wuce wani kamfani ya kira ni. Mutumin ya ce, "Muna amfani da manhajar nan, kuma duk inda muka buɗe sunanki muke gani. Ki zo nan da sati uku, ranar Litinin, mu buɗe tare ki nuna mana." Na ji a muryarsa ya ɗauka ni na rubuta. Ban ce na rubuta ba. Ban kuma ce ban rubuta ba. Cewa na yi, "Allah ya kai mu."

Litinin ɗin nan kuwa ita ce komai, saboda Likita. Likitan haƙori ne, ɗan aminiyar Umma, shekara guda ke nan yana zuwa gidanmu. Da yana da aibi da na huta. Ba ya makara, ba ya ɗaga murya, in na yi masa baƙar magana sai ya yi dariya ya ce a ƙara masa. Ba ƙinsa nake yi ba, ku daina rubuto min haka. Abin da ba zan iya ba shi ne in shiga gidansa a matsayin wadda ta rasa abin yi aka taimaka aka kwashe ta. Umma ta gaji da jin wannan, sai ta gindaya min sharaɗi. Ta ce, "In kin samu aikin, ki zaɓi lokacinki, ba zan ƙara ɗaga miki maganar ba. In ba ki samu ba, ƙarshen wata a tsayar da magana, ki rufe akwatin nan." Kwamfutata ce akwatin.

Duk wannan kuma fayil ɗaya ya rage min ban share ba, ina ta kewaye shi kamar mai kewaye rami a hanya.

Na Abba ne.

Abba, mahaifina, malamin lissafi ne, shi ke tsara jadawalin makarantarsu. Shekara goma sha tara da suka wuce ya gaji da fensir da abin gogewa, ya koya wa kansa rubutun manhaja, ya rubuta ɓangaren da ke hana a saka malami ɗaya a aji biyu lokaci guda. Layi ɗari uku da goma sha biyu. Shekara shida ke nan da rasuwarsa, kuma tunda ya rubuta fayil ɗin ba wanda ya taɓa shi, don bai taɓa lalacewa ba. Ya jera komai da hannu, sahu-sahu, wannan a ƙarƙashin wancan, yadda yake jera takalmanmu a bakin ƙofa daga babba zuwa ƙarami. Sabon salon da aka amince da shi bai yarda da irin wannan jeri ba. A tsakiyar fayil ɗin ya bar wata 'yar sanarwa: "Don Allah kada a taɓa wannan layin. Ban san dalili ba, amma in an taɓa shi ranar Laraba tana ɓacewa."

Ban taɓa faɗa wa kowa a gida ba, ban faɗa wa Mai Gadi ba. Amma saboda fayil ɗin nan na shigo aikin tun farko. Duk ranar da gidan nan ya ishe ni, nakan buɗe shi in ga sunan Abba sau ɗari uku da goma sha biyu a jere, in ji kamar yana falo yana duba takardun jarrabawa.

Ranar Juma'a saƙon Mai Gadi ya shigo: "Gobe ƙarfe huɗu agogonki nake rufe shara. Daga nan na'ura ce za ta riƙa duba salo, duk fayil ɗin da ya saɓa za ta daidaita shi da kanta. Saura ɗaya a hannunki. Ko ke ko ita."

Ƙarfe huɗu na Asabar kuma Likita zai zo. Allah ya sani, ban zaɓi ranar ba.

Gwaggo ta iso tun hantsi da jakarta mai zif ɗin da ba ya rufuwa. Ko zama ba ta yi ba ta turo ƙofar ɗakina.

"Mai Shara! An gama share wa duniya gida ko da saura?"

"Saura ɗaki ɗaya, Gwaggo."

"Wata bakwai ana ƙona wuta ana ƙona idanu. In ba ƙira me ya ci gawayi? Ni tunda uwata ta haife ni ban taɓa ganin mai shara da digiri ba. Ko masu sharar titi ana ba su riga mai walƙiya."

"Ni ma za a ba ni, tela ne bai gama ba."

"Ji bakinta! Bakin nan ne zai kori yaron mutane, ki zauna ke da tsintsiyarki ku tsufa tare."

Umma ta shigo bayanta da doguwar riga ruwan zuma da ta goge da kanta, ta shimfiɗa a kan gado, ta ɗora mayafi mai bakin zare a kai, ta ajiye takalmin nan mai tsini da ke cizon ƙaramin yatsana. Ba ta ce min komai ba sai, "Ƙarfe uku ki shiga wanka." Suka fita, na sa sakata.

Da na so, umarni ɗaya zan ba na'ura ta daidaita fayil ɗin kafin in ƙifta ido. Ban yi ba. Da hannu na bi shi, layi bayan layi, ina rushe sahun da ya jera, kamar mai naɗe kayan mamaci tana sawa a akwati. Fankar sama tana ta ƙugi, teburina mai gajeriyar ƙafa yana girgiza duk lokacin da na danna da ƙarfi. Da na iso layin Laraba na daɗe hannuna yana sama. Na matsar da shi tazara biyu, na gwada manhajar. Laraba tana nan. Na sake gwadawa sau uku, don ban yarda da kaina ba, kuma Abba ba mutum ne mai faɗin magana a banza ba.

Ƙarfe uku ya wuce ban yi wanka ba. Uku da rabi Gwaggo ta fara dukan ƙofa.

"Ko sai an kira masu kashe gobara?"

"Ina zuwa!"

"Zuwan kare ga aboki? Ga uwarki can ta kusa haɗiye zuciya!"

Huɗu saura minti goma na aika. Na watsa ruwa a gurguje, na zura rigar, ina ɗaura ɗankwali wayata ta yi ƙara. Mai Gadi ne: "Ya shiga. Babu gyara." A wata bakwai wannan ne karon farko da ya karɓi aikina bai dawo da shi ba. Da wata rana ce da na taka rawa.

Na buɗe rajistar. Sunana ne, daga sama har ƙasa, sau ɗari uku da goma sha biyu, da kwanan watan ranar. Ko ɗaya ban bar masa ba. Na san haka zai faru, ni ba yarinya ba ce. Amma sani daban, gani daban. Na zauna a bakin gado da ɗan kunne ɗaya a kunne ɗaya a hannu, har sai da na ji tsayuwar motar Likita, huɗu daidai, kamar shi ke ba agogo umarni.

Na same shi a kujerar da ke kusa da taga, cikin farar riga mai dogon hannu, ya ajiye kwalin biskit marar sukari a kan tebur. Kullum shi yake kawowa, kullum Gwaggo ke cinyewa tana zaginsa bayan ya tafi. Ranar ma tana kusurwa ta ce wai waya take dannawa. Umma tana zuba shayi.

"Ranki ya daɗe," ya ce yana murmushi, "an gama?"

"An gama."

"Ɗari bisa ɗari ke nan! Umma, ranar Litinin duk inda suka buɗe, sunan autarki za su gani." Sai ya dube ni sosai, murmushin ya ragu. "Wa ya taɓa min ke?"

Na yi niyyar in ce kwalli ne ya shigar min ido. Bakina ya ƙi. Na ce, "Fayil ɗin ƙarshe na Abba ne."

Umma ta ajiye butar a hankali.

"Wane Abban?"

"Namu."

"Sunansa yana cikin abin nan?"

"Da yana ciki. Na share shi huɗu saura minti goma."

Gwaggo ta kife wayarta a cinya. Ni kuma na kafa wa kofin shayina ido, don na rantse ba zan yi kuka a gaban Likita ba.

Wayata ta sake ƙara. Mai Gadi ne, kuma saƙon ya fi duk wanda ya taɓa turo min tsawo. Likita ya ce in karanta a ji, na karanta:

"Sannu da aiki, 'yata. Saura abu ɗaya, kuma ba dole ba ne. Akwai abin da ake kira jerin tsallake. Takarda ce da ake rubuta lambar kowane gyaran shara a ciki, sai rajista ta riƙa tsallake su ta nuna sunan wanda ya rubuta layin tun asali. Duk gyaran da kika sa a jerin, sunanki ya sauka daga kansa. Guminki ne, ni ba zan sa miki hannu ba. Af, mahaifinki sau tara na dawo masa da fayil ɗin nan. Taurin kanku iri ɗaya ne."

Ashe ya sani tun ranar farko. Kuma kafin wata ta rubuto min cewa yaya mai digiri ba ta san da wannan jeri ba, to ban sani ba don ban nema ba. Wanda sunansa ke hawa ba ya cigiyar tsanin sauka.

Likita ya gyara zama, irin zaman da yake yi in ya gano inda haƙori ke ciwo.

"Gyara nawa kika aika gaba ɗaya?"

"Ɗari da arba'in da shida."

"To ai abin da sauƙi. Ki sa na Abba shi kaɗai a jerin, sunansa ya dawo yau. Sauran ki bar su sai ranar Talata. Ba ki cuci kowa ba, kwana biyu ne."

"Kin ji mai ilimi na gaskiya," in ji Gwaggo. "Ba irin naki ba da sai ya sa mutum kuka."

Shawara ce mai kyau, ba zan zalunce shi ba. Na tashi na ɗauko kwamfutar, na ture kofuna na ajiye ta a teburin falo. Na buɗe sabuwar takarda, na rubuta lambar gyaran Abba, layi ɗaya. Sai dai wajen neman lambar dole na bi ta cikin sauran, idona ya faɗa kan tsofaffin sunayen da na bi ta kansu da tsintsiya. Akwai wata da take kiran kanta Malamar Kimiyya, ta yi shekara huɗu tana rubutu, sai ɗif, shekara goma sha ɗaya ke nan ba a sake jin ta ba. Akwai wani da abin ƙarshe da ya bari shi ne, "Zan ƙarasa wannan bayan hutu." Bai dawo daga hutun ba. Na tuna ranar da na share fayil ɗinsa, ina cin gyaɗa ina jin rediyo. Ko sunansa ban tsaya na karanta ba.

Mutum ɗari biyu da 'yan kai na share ban ji komai ba. Sai da tsintsiyar ta iso ƙofar gidanmu na san tana da kaifi. Su ba su haifa ba? Wa ya sani ko akwai wata a wata ƙasa da ta saba buɗe fayil in gida ya ishe ta, rannan ta buɗe ta ga sunan wata baƙuwa?

Kada in yi muku ƙaryar waliyyai, ba tausayi kaɗai ne ya kama ni ba. Girman kai ne ya fi yawa. Na hango kaina ranar Litinin, mutumin nan yana nuna wani wuri da biro yana cewa, "Wannan ɓangaren yaya kika yi shi?" ni kuma ina murmushi ina lalube. Zanen aro ba ya rufe katara. Ni da na ƙi a kwashe ni zuwa gidan miji, in yarda a kwashe ni zuwa ofis da sunan gumin wasu?

Na fara rubuta lamba ta biyu.

"Me kike yi?" in ji Likita.

"Duka zan sa."

"Haba, ranki ya daɗe. Kwana biyu kacal."

"Likita, in ka daidaita wa mutum haƙora, sunanka kake rubutawa a kansu?"

"A'a," ya ce. "Amma ni ana biyana."

Gwaggo ta tuntsire da dariya har sai da biskit ya sarƙe ta. "Wallahi ya gama da ke! Yaro, Allah ya yi maka albarka, shekara ashirin da shida nake neman wanda zai rufe bakin nan."

Ya ci wannan. Na ci gaba da rubutu. Minti ashirin na ɗauka, shayi ya huce a kofuna, ba wanda ya tashi. Umma tana tsaye a bayan kujerata, ina jin numfashinta. Na jira ta ce in bari, ba ta ce ba. Na aika.

Minti biyu amsar Mai Gadi ta zo: "Kin tabbata?"

Na rubuta: "Buɗe ƙofa."

Sai ga wata: "Ba zan iya ba. Layi na casa'in, kin bar tazara ɗaya a ƙarshe."

Nan fa abin ya kubce min. Na yi dariya har hawayen da na rantse ba zan zubar ba suka wanke kwallin tas, suka ɗiga a rigar da Umma ta goge. Likita ya miƙo min hankici, na karɓa ba tare da na dube shi ba. Na cire tazarar, na sake aikawa.

"Ya shiga."

Na sabunta shafin. Sunaye suka dawo kamar an buɗe ƙofar makaranta, kowa a kan layinsa, Malamar Kimiyya, mai hutu, da waɗanda ban ma iya karanta sunansu ba. Na buɗe fayil ɗin Abba. Sahunsa ya tafi, wannan ba mai dawo da shi. Amma sunansa yana nan, sau ɗari uku da goma sha biyu.

Umma ta ce, "Matsa."

Ta zauna a wurina, ta ciro tabarau daga wuyan rigarta ta sa. Ba ta san komai a rubutun ba, gefen kawai take bi da yatsa. A wani kwanan wata ta tsaya.

"Wannan satin kina kwance da zazzaɓi, kina aji biyu. Yana zaune a gefen gadonki da akwatinsa a cinya. Na shigo na yi masa tas. Na ce 'yarsa ba lafiya shi yana yi wa mutanen da bai sani ba bauta kyauta."

"Me ya ce?"

"Me zai ce? Shi ba ya mayar da magana. Wannan bakin naki a wajena kika gado shi."

Gwaggo ta taso ta leƙa ta kafaɗarta. Na karanta mata sanarwar Laraba. Ta dafe ƙirji ta ce, "Shi ne. Wallahi Yaya ne. Haka ya hana kowa taɓa rediyon gidanmu shekara goma." Ta koma kusurwarta ta ja mayafi ta rufe fuska.

Kafin in ba Umma wuri na nemi sunana a rajistar gaba ɗaya. Fayil ɗaya ya fito: jerin tsallake. Layi ɗari da arba'in da shida, lambobi zalla. Tarihin aikin yana nan ga mai haƙurin tonawa, amma duk wanda ya buɗe manhajar yau ba zai ga alamar na wuce ta wurin ba, sai dai ya ga wuri fes. Wata bakwai ke nan.

Umma ta cire tabarau ta goge da bakin zane. Ba ta dube ni ba ta ce, "Ban janye maganata ba fa. Ƙarshen wata, ƙarshen wata ne."

"Na sani, Umma."

"Kai min akwatin nan ɗakina. Kada ki rufe shafin."

Na raka Likita bakin ƙofa, takalmin yana cizona a kowane taku. Mutumin da ba ya tafiya sai ya tsokane ni, ranar bai ce komai ba sai, "Sai da safe, ranki ya daɗe," alhali rana ba ta ma faɗi ba. Ya daɗe a cikin motar kafin ya tayar da ita. Na tsaya bayan labule ina kallo, kuma ba na son a tambaye ni dalili.

Na dawo ɗaki na cire rigar, na fito da baƙin siket da farar rigar da zan sa ranar Litinin na rataye a bayan ƙofa. Na tsara abin da zan faɗa musu: ba ni na rubuta ba, ni na share, ga jerin, ga kuma dokar da na yi aiki da ita. In suna bukatar mai shara, ga ni. In ba sa so, Allah ya ba su wadda ta rubuta.

Daf da magariba wayata ta yi ƙara. Likita.

"Na isa gida. Gobe zan zo in roƙi Umma ta cire maganar ƙarshen wata. Ba na son a kawo min ke don Litinin ta ƙi ki."

A ƙasan saƙon alamar nan ta fito, yana rubutu. Ta ɓace. Ta sake fitowa, ta daɗe, ta sake ɓacewa. Ba abin da ya biyo baya.

Tun ranar da Umma ta gindaya sharaɗin nake roƙon Allah a cire min wa'adin nan daga wuya. Ga shi za a cire, kuma ba da hannuna ba. To ku da kuka iya ba da shawara, ku faɗa min: me ya sa na karanta saƙon sau bakwai ina neman inda ya ce har yanzu yana jira, kuma ban samu ba?

Na rubuta masa amsa mai tsawo na goge. Na rubuta mai zafi na goge. Daga ƙarshe na rubuta, "Na gode." Na duba, na ga na bar tazara ɗaya a ƙarshe, na cire ta. Daga ɗakin Umma ina jin tana karanta wa Gwaggo kwanakin wata ɗaya bayan ɗaya.

Har yanzu ban aika ba.